Ɗinkin Bahaguwa a Rigar Mumbua

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, Masanin abin da aka shimfiɗa a fili da abin da aka naɗe aka ɓoye. Yabo nasa ne a farko da ƙarshe. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

… kuma wai ita ce za ta sa hannu. Ita, Zuhura, shugabar taron. Takardar na nan a kan tebur inda Barasa, babban alƙalin gasar, ya ajiye ta. Ya ɗora biro a tsakiyarta daidai, bai karkata shi dama ba, bai karkata shi hagu ba, sannan ya ja ƙofa. «Kafin ƙarfe huɗu, Shugaba. Ƙarfe huɗu za mu hau dandamali.» Yanzu uku da kwata. Ruwan Afrilu na dukan rufin kwano, bayan bangon nan mutum dubu da ɗoriya suna rera waƙar buɗe wani fim ɗin zane, anime, da Japanancin da ba su san ma'anarsa ba, ita kuwa tana zaune a ɗakin gyaran tufafi, tsakanin gwangwanin allurai da tarin gashin kanti shuɗi da ja, tana duban layi uku da aka rubuta.

An sami ɗinkin mutum biyu a rigar Mumbua Nzioka. Ta rantse a rubuce cewa nata ne ita kaɗai. Bisa doka ta bakwai, an cire ta, an hana ta gasa shekara biyu, za a karanta sunanta a gaban taro.

Doka ta bakwai. Kamar ba ta san ta ba. Wa ya rubuta ta in ba ita ba? A shekara ta uku da kafa wannan taro na masoya finafinan zane na Japan, wani ɗan gata ya sayo sulkensa daga ƙasar waje, ɗinkakke, gogagge, ya hau dandamali ya karɓi kofin gwanin ɗinki alhali ko zare bai iya zura wa allura ba. Ita ce ta zauna a ɗakinta na unguwar South C ta tsara: duk mai shiga gasar shigar jarumai zai rantse cewa tufar aikinsa ce, alƙalai kuma za su juya ta baibai su karanta cikinta, domin fuskar riga ta iya ƙarya, cikinta bai iya ba. Aka yi mata tafi. Shekara shida ke nan ana juya riguna a kan maganarta. Yau kuma…

Yau an juya, an tarar da ita a ciki.

A'a. Ba haka za a faɗe shi ba. A faɗe shi yadda ya faru, in da adalci. Jiya Asabar, bayan Azahar, Mumbua ta shigo ɗakin nan rungume da rigar. «Yaya Zuhura, ƙugiyar wuya ce ta cire. Bari in je in sa wani abu a baki, tun safe mandazi ɗaya ne a cikina, kuma layin abinci ya kai ƙofar waje.» Ƙugiya ɗaya. Aikin minti biyu. Kuma minti biyun ta yi niyya, Allah ne shaida. Sai dai da ta ɗaga rigar — rigar sarauniyar zalɓe ce ta cikin wani zane, fara fat, fukafukai biyu tun daga kafaɗa har ƙasa, kowane gashi an yanka shi daban an ɗora — da ta ɗaga, nauyin fiffike ya ja, ɗinkin kafaɗa ya buɗe baki. Ana hango haske ta tsakaninsa. Sukar allura ɗaya nan, ɗaya can, kamar sawun mai maye. Da wannan za a hau dandamali? A ɗaga fukafukai a gaban jama'a, kafaɗa ta yage, 'yar mutane ta tsaya da rigar ciki, wayoyi dubu na ɗauka? Wace mai imani ce za ta ga haka ta ɗinka ƙugiya ta miƙa?

Ta warware kafaɗar dama ta sake. To an gyara dama, sai a bar hagu? Kwalli a ido ɗaya ke nan. Ta yi hagu. Ɗinkin gadon baya kuwa… ai shi ke riƙe da kafaɗun. Da kalmasar ƙasa, tunda allura na hannu. Awa ɗaya da rabi. Oba-oba na ta kiran sunanta a ƙugu, tana amsawa da zare a baki. Mumbua ta dawo tana share maiƙon chapati, «Na gode, Yaya, ƙugiya ta zauna daram,» ta rungumi kayanta ta fita. Ba ta juya ba. Wa ke juya rigar da shi ya ɗinka?

Ban faɗa mata ba saboda alheri ba a yi masa shela. Wannan ne dalili. Wannan kaɗai. Ba doka ta tara ba.

Doka ta tara… ita ma tawa ce. Ɗan kwamiti ba ya taɓa tufar mai gasa sai maɓalli ko ƙugiya ko ɗigon gam. Wanda ya ƙetare haka ya sauka daga kujerarsa a ranar. Don masu son zuciya na rubuta ta, masu gyara wa 'yan uwansu da 'yan matansu a ɓoye. Me zan samu ni in Mumbua ta ci? 'Yar uwata ce? Addininmu ma ba ɗaya ba. Ba a auna aiki da niyya ne? Ko kuwa kowa za a duba zuciyarsa, ni kaɗai za a duba allurata?

Ke, Nduta, da kina nan da kin yi wannan dariyar taki ta hanci. Ke da muka fara abin nan tare, mu bakwai a ajin aro, da farin bango da na'urar haska fim mai zafi kamar dutsen guga, sai mun riƙa yi mata fifita da kwali. Shekara uku da komawarki Kisumu, har yau maganarki na nan kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. «Zuhura, ba abokan aiki kike nema ba, 'yan kallo kike nema.» 'Yan kallo. Ni? Shekara tara ba albashi, ba godiya. Wa ya yi ta sintiri ofishin masu zauren nan har mai gadi ya fara ce mini matar gida? Wa ke tsayawa a ƙofa tun bakwai na safe yana latsa takubban soso ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaura wa kowanne jan zare don a san ba ƙarfe ba ne? Ɗaurin auren ƙanena ya faɗo ranar taro, na je na yi minti ashirin na dawo da lalle a hannu ina jan igiyar layi. Har yau matarsa ba ta yafe ba.

Fostar da kika zana na sake ta, gaskiya ne. Haruffan sun karkace ko ba su karkace ba? Faɗi. Jadawalin 'yan sa-kai na sake shi, domin an sa mutum ɗaya a ƙofa biyu lokaci ɗaya. Sanarwar bara, kujerun bana, har jerin waƙoƙin hutun rana… in an yi daidai zan taɓa ne? Yanzu kuma a zaman kwamiti in an ce wa zai yi kaza, kowa sai ya sunkuya a kan wayarsa. «Ai Shugaba za ta yi.» Wannan lalaci ne, Nduta. Lalaci ne tsagwaronsa, kada ki sa masa wani suna. In na sauka yau, wa? Wa ya san inda makullin ɗakin ajiya yake? Wa ya san cewa fitilar dandamali ta hagu sai an doke ta sau biyu take kamawa?

Tafi a bayan bango. An gama waƙar. Uku da rabi saura kaɗan.

— tabarau a karan hanci, Barasa, ɗazun nan a ɗakin alƙalai. Ya juya kafaɗar ya kai ta kusa da taga, yana bin ɗinkin da farcen babban yatsa, shi da ya ƙoshi da fata da allura tun kafin a kafa taron. Ita tana tsaye a bakin ƙofa a matsayin shaida, kamar kowace shekara.

«Mumbua, 'yata, da wane hannu kike ɗinki?»

«Da wanda nake cin tuwon ugali, Kawu. Akwai wani ne?»

«To wannan kafaɗar bahago ne ya ɗinka ta. Dubi yadda sukar ta kwanta. Taki ta gashin fiffike ta kwanta nan, tana tangaɗi abinta. Wannan ta kwanta can, a jere kamar sojoji. Ko dai kin yi hayar aljani, ko kin yi hayar tela.»

Sauran alƙalan biyu suka yi dariya. Mumbua ba ta yi ba. Ta karɓi rigar ta daɗe tana kallo. Ta juya ɗaya kafaɗar. Ta bi gadon baya har ƙasa. «Ban san wannan ɗinkin ba,» in ji ta. Sannan ta ɗago, ta dubi bakin ƙofa, sau ɗaya, ta mai da kanta.

Me ya hana ta faɗa? Ta buɗe baki mana ta ce jiya na bar ta a ɗakin gyara. Da ta faɗa da na amsa a take, wallahi da na amsa, da an gama. Amma shiru? Wace irin tarbiyya ce wannan, mutum ya san abu ya haɗiye shi ya bar ka kana dahuwa? Ladabi ne ko mugunta? Shi kuma Barasa, tsohon munafuki… astagfirullah, ba munafuki ba, mai wayo. Shekara tara yana ganina a teburin nan. Ya san da dama nake ci, da dama nake gaisawa, da hagu nake ɗinki da rubutu. Ya san suka uku da nake komawa baya a ƙarshen kowane layi kafin in binne ƙulli. Bahago nawa ne a zauren nan da suka iya wannan? Bai ce Shugaba ke ce ba. Ya rubuta layi uku, ya kwantar da biro a tsakiya, don ya ga da wane hannu zan ɗauka. Wannan shari'a ce ko tarkon ɓera? In yana da magana ya yi ta a matsayin namiji. Su duka biyun sun ɗora mini kaya sun koma gefe, kamar kullum, kamar kowa. Shugaba za ta yi.

Wata bakwai. Haka Mumbua ta ce ranar rajista. Awa goma a tsaye bayan kantar wani shagon magani a Kayole, sannan motar haya ta matatu, cunkoson hanyar Jogoo, tana ɗinka gashin fiffike a kan cinya, mota na girgiza, kwandasta na yi mata tsiya wai tana haɗa kaza. Shi ya sa sukar ke tangaɗi… To ni na ce ta yi ɗinki a mota? Ta zo ta tambaya mana. Da ta zo da na nuna mata, da na… Shekara huɗu da suka wuce da gashin kanti kawai ta zo, ta maƙale a bango ba ta san kowa ba. Ni na ja ta na sa ta a hoto. Ni. Wannan ba a rubuta shi a doka ta nawa ba?

Kuma uwar. Me ya kawo uwar? Tun daga Machakos, tsohuwa da ɗankwalin coci da jakar saƙa a cinya, tana layi na biyu tun sha biyu, ba ta san ko ɗaya daga cikin jaruman nan ba, tana yi wa kowa tafi, har mai gwada lasifika. «Ni ce uwar mai fukafukai,» take gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita. Za a karanta sunan a gaban taro. Wa ya ƙara wannan jimlar a dokar? Cirewa ba ta isa ba? Hani bai isa ba? Nduta ta ce ya yi tsauri, na ce maƙaryaci ba shi da sutura a wurinmu. Na faɗa. Da bakina, ina buga tebur.

— shagon ɗinkin Baba a Majengo, ƙamshin guga da alli. Tana 'yar shekara goma sha biyu, wuyan kanzu, doguwar rigar maza, na farko da aka yarda ta ɗinka, kwana uku tana kansa. Ta dawo daga makaranta ta tarar da shi a jikin mai shi, sumul, yana juyawa gaban madubi yana ce wa Baba: «Mwalimu, 'yarka ta fi ka.» Baba na murmushi. Ta leƙa ciki, babu sukarta ko ɗaya. Ta shiga bayan labule ta cusa ƙyalle a baki don kada a ji. Sati biyu ba ta taɓa allura ba… Allah Ya jiƙan Baba. Ai da haka na koya. Da haka ake koyo. Ya rufa mini asiri ne, da ya bari da mutumin ya dawo da kanzu yana zagi. Me ya kawo wannan yanzu? Ba iri ɗaya ba ne. Ni yarinya ce a lokacin, kuma ba rantsuwa a ciki…

Rantsuwa. Ta rantse da gaskiyarta, na mai da ita maƙaryaciya tana can tana cin chapati.

Huɗu saura kwata. La'asar ta kusa. Da wace fuska?

Hanyoyi dai ga su. Ta sa hannu da dama, rubutun ya fito a karkace, Barasa ya karɓa ya naɗe. Shekara biyu ba mutuwa ba ce, za ta kira Mumbua daga baya, ta koya mata ɗinki na gaske, kyauta, duk Asabar… Shaidar zur ke nan, ko da wane hannu aka yi ta. Ko ta yage takardar, ta ce Shugaba ta yi afuwa bana. A kan me? Wanda aka kora shekarar da ta wuce saboda uwarsa ta yi masa kalmasa fa? Ya yi kuka a bakin ƙofar nan, na ce doka ba ta da ƙani. Ko kuma ta hau dandamali ta karɓi makirufo ta ce jama'a, ni ce. Shekara tara su ƙare a kan kafaɗar zalɓe. Gobe a cika waya da hotonta, waɗanda ba su taɓa ɗaga kujera ɗaya ba su zama malaman amana. Su zaɓi wani. Ya sa mutum ɗaya a ƙofa biyu. Takobin ƙarfe ya shigo ba jan zare. Su gani. Su gani mana, in ya so…

In ya so su iya. In kuma suka iya fa?

Ƙofa. Ba Barasa ba ne, Mumbua ce, ta sauya zuwa wando da rigar sanyi, kwalliyar zalɓen na nan a fuskarta, fari da baƙi, ruwan ido ya ja layi biyu a ciki ya bushe. Rigar na kafaɗarta. Ba ta dubi takardar ba. Ta jawo kujera ta zauna a ɗaya gefen teburin, ta shimfiɗa rigar baibai.

«Yaya Zuhura, ara mini reza.»

Ta miƙa mata. Da wane hannu ma ta miƙa, ba ta lura ba.

«Mumbua, ko kin warware ba za su mai da ke gasa ba. An riga an duba.»

«Na sani. Kawu Barasa ya ce zan iya hawa a zagayen nuni, ba maki. Mama ɗinkina ta zo gani.»

Shi ke nan. Reza ta shiga ƙarƙashin sukar farko, tsit, ta biyu, tsit. Sojojin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Suka ukun nan na ƙarshe sun yi gardama, ta sa haƙori ta ja. Awa ɗaya da rabi… ɗinkin da ba za a sami irinsa ba daga nan har Mombasa, ga shi yana zama tarin guntun zare a gefen gwangwani. Ko sannu. Ko tambayar me ya sa. Ta yi zagi mana, ta ɗaga murya, mutum ya sami abin da zai amsa. Wa ya koya wa 'yan yanzu irin wannan hukunci?

Ta zura zare. Ya yi tsawo, zai sarƙe. Ba ta ninka bakin ƙyallen ba. Ta soka allura nesa da gefe, ta fito da ita kusa, suka ta biyu ta fi ta farko faɗi. Minti goma sha biyu suka rage, kafaɗa biyu, kuma haka za ta yi su? Zai buɗe. Da ta ɗaga fiffike zai buɗe, a gaban uwar, a gaban kowa. Abin ba wuya, a ninka, a matse da yatsa, a fara daga ƙarƙashin hammata inda nauyin yake, minti huɗu kowace kafaɗa in an…

Kawo nan.

Maganar ta hau har kan harshe. Jikin ya riga ya karkato, yatsun sun riga sun buɗe a kan teburin, tazarar taƙi ɗaya da rigar. Bayan duk wannan. Takardar na gefen gwiwar hannunta, sunan 'yar mutane a kai, ita kuwa abin da ke cin ranta shi ne faɗin suka ta biyu. Ya Allah. Ashe ba jiya kaɗai ba ce… ashe ko yanzu, ko da an sake ba ta rigar, ko da an karanta mata dokokin duka goma sha biyu da ƙarfi…

Ta janye yatsun ta danne su ƙarƙashin cinya. Suna motsi a can.

Zaren ya sarƙe. Mumbua ta tsaya tana kwance shi a hankali, harshe a gefen baki, ba ta ɗago ba. Takun Barasa a baranda, ba ya sauri, yana tsayawa yana gaisawa da wani. Akwai magana da za a faɗa kafin ya iso, gajeruwa ce, kalma biyu, ta san su: ni ce. Gajiya ta sauko mata tun daga wuya, ta shekara tara, gaba ɗaya. Suka ta biyar. Ta shida ta karkace… ta bakwai ma.

Takun ya tsaya a bakin ƙofa.

Allah Ya gafarta wa wanda ya rubuta wannan da wanda ya karanta shi, Ya shiryar da hannuwanmu a inda suke ganin gyara suke yi, Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba. Amin.